Yaron da Ba Ya Ƙwanƙwasa Ƙofa

Ƙannena na Dubeli, da na sauran unguwannin Jimeta da Yola, yawancinku kuna firamare lokacin da Mubi ta faɗi. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 ne mayaƙan Boko Haram suka shiga garin, bayan Madagali da Michika sun riga sun kuɓuce. Jama'a suka kwararo kudu, wasu a bayan manyan motoci, wasu a ƙafa ta cikin duwatsu da gonaki, wasu ma sai da suka ratsa ta Kamaru kafin su zagayo. Wanda ya biyo hanyar Mubi sai ya haye gadar Binuwai kafin ya shigo Jimeta, don haka mu na bakin kogi muna cikin waɗanda suka fara ganinsu. An ƙiyasta cewa waɗanda suka fake a Yola da kewayenta sun kai wajen mutum 400,000, har garin ya kusa ninka kansa cikin 'yan makonni.

Sansanonin da hukuma ta buɗe, irin na Malkohi da na Damare, kaɗan suka ɗauka daga cikin wannan jama'a. Mafi yawansu a gidajen mutane suka sauka. Gida mai ɗaki uku ya wayi gari da baƙi ashirin ko talatin. Maza suka shimfiɗa tabarmi a zaure, mata da yara suka cika tsakar gida, uwargida ta sauke ƙaramar tukunya ta ɗora ta biki. Masarar da aka tanada don ta kai iyali har damina ta ƙare tun sanyi bai wuce ba. A cocin St. Theresa da ke Jimeta, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe haraba ga dubban mutane. Ƙungiyar Adamawa Peace Initiative, wadda Jami'ar Amurka ta Najeriya ta kafa a 2012 tare da limamai da fastoci da manyan gari, ta ciyar da mutum sama da 200,000. A 2021 kuma bishop ɗin ya miƙa gidaje 86 a Sangere-Marghi ga waɗanda ba su sami komawa garuruwansu ba, ya gina musu coci, ya kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci.

Na kawo muku wannan tarihi ne don ku san irin gidan da kuka fito, kuma don mu yi tambayar da ba kasafai ake yinta ba: me ke sa mutum ya fara bayarwa? A waccan shekara babu wanda ya tara iyayenku ya yi musu lacca a kan falalar kyauta. Mace ce ta tsaya a bakin ƙofa da goyo, ƙafafunta a kumbure, ta yi sallama da muryar da ta dushe. Gani ya kori ji. Wannan ita ce ƙofa ta farko da yawancin mutane ke shiga harkar taimako ta cikinta, a nan da ko'ina a duniya: fuska guda, a kusa, wadda ba ka iya kawar da ido daga kanta.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, an raba mutane rukuni-rukuni aka nemi su ba da gudummawa. Wasu an nuna musu hoton wata yarinya 'yar Mali mai shekara 7, Rokia, aka ba su labarinta. Wasu kuma an karanta musu alƙaluman miliyoyin da yunwa ta kama a ƙasashen Afirka. Waɗanda suka ga yarinyar sun fi bayarwa nesa ba kusa ba. Da aka haɗa hoton da alƙaluman wuri guda, sai kyautar ta ragu. A watan Satumba na 2015 ma duniya ta ga irin haka, lokacin da hoton gawar wani ƙaramin yaro ɗan Siriya, Alan Kurdi, a gaɓar tekun Turkiyya ya bazu. Kuɗi suka yi ta kwarara ga ƙungiyoyin agaji, bayan 'yan makonni suka ja baya, alhali yaƙin bai tsaya ba.

Ba na raina wannan tausayi. Shi ya ciyar da Jimeta a ranar da babu wani mai ciyar da ita. Sai dai yana da iyaka, kuma wannan iyaka ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tausayi yana amsa wa wanda ya ƙwanƙwasa. Akwai kuwa yaron da ba ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa.

Kun san shi. Cikin watan Agusta ne, ruwa ya kwanta a kwatami da bayan gidaje, sauro ya yi yawa. Da magariba jikinsa ya ɗau zafi, uwar ta ba shi rabin farasitamol ta lulluɓe shi. Washegari ya ɗan ji sauƙi, ya sha koko, sai aka ce ai ya wuce. Maigida bai samo komai a kasuwa ba, kuɗin gwajin jini da na magani sai an jira gobe. A dare na uku ya fara jijjiga, idanu suka juye. Kafin a samo Keke Napep a wannan tsakar dare, kafin a isa asibiti, tafin hannunsa ya yi fari fat, ma'aikaciyar jinya ta ce sai an ƙara masa jini. Aka shiga buga waya ana neman wanda jininsa ya dace. Da hantsi aka yi masa sutura. Maƙwabta suka zo gaisuwa, aka ce Allah ya sa mai ceto ne, kowa ya koma harkarsa. Ba a ɗauki hoto ba, rediyo bai faɗa ba, babu wanda ya buɗe asusun neman taimako.

Zazzaɓin cizon sauro yana kashe mutum wajen 600,000 a duniya kowace shekara, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Afirka. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa Najeriya kaɗai ke ɗauke da wajen rubu'in masu kamuwa, da kusan kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwa. Da za a tara waɗannan yara wuri guda su haye gada a rana ɗaya, da babu gidan da zai rufe ƙofarsa. Amma ɗaya-ɗaya suke tafiya, a ɗaka, cikin dare.

A nan ne ƙofa ta biyu take, wato lissafi. Akwai mutanen da abin da ya sa suka fara bayarwa tunani ne da suka zauna suka yi har ya hana su barci. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi ƙasar Bangaladash, mutum wajen miliyan 10 suka tsere zuwa Indiya. Wannan masifa guda ta motsa mutum biyu da ba su san juna ba. Ɗaya likita ne ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, wanda ke aiki a wani sansanin 'yan gudun hijira da kwalara ta mamaye. Ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ta jijiya ya ƙare masa, sai ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari cikin ruwa mai tsabta ana ɗura wa masu amai da gudawa da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Wannan ruwan gishiri da sukari da kuke gani a ƙaramar leda a kowane kemis, daga irin waɗannan wurare ya samu karɓuwa, kuma ya ceci rayuka miliyoyi.

Ɗayan malamin falsafa ne ɗan Ostireliya, Peter Singer, wanda a 1972 ya wallafa wata maƙala da har yau ake muhawara a kanta. Misalin da ya kafa shi ne na mutumin da ke wucewa ya ga yaro yana nutsewa a kududdufi. Kowa ya yarda dole ya shiga ya tsamo shi, ko da tufafinsa za su lalace. To, in da kuɗin tufafin nan za a iya ceton wani yaron da ke nesa, me ya sa nisan zai sauke mana nauyi? Ga mu da muka tashi a bakin Binuwai, muka san yadda masunta ke faɗawa ruwa ba tare da tambayar ɗan waye ba, wannan hujja ba ta buƙatar dogon bayani.

Bayan shekaru, wasu matasa suka ɗauki maganar da gaske. A 2006 wasu ma'aikatan kamfanin hada-hadar kuɗi biyu a Amurka, Holden Karnofsky da Elie Hassenfeld, suka so su ba da sadaka, suka riƙa tambayar ƙungiyoyin agaji abin da kuɗinsu zai yi. Da suka ga amsoshin ba su gamsar ba, suka bar aikinsu a 2007 suka kafa GiveWell don bin diddigin inda kowace dala ta fi amfani. A 2009 wani malami a Jami'ar Oxford, Toby Ord, da abokansa suka kafa Giving What We Can, inda mutum ke ɗaukar alkawarin ba da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu ga ayyukan da aka tabbatar suna da tasiri. Dubban mutane sun ɗauki wannan alkawari. Abin da suka gano kuwa ya girgiza su: ayyukan alheri ba ɗaya suke ba. Kuɗi iri ɗaya, niyya iri ɗaya, amma wani aikin yana iya ninka wani amfani sau goma ko fiye.

Yanzu ku saurara da kyau, domin ga abin da ya fi damuna. Da waɗannan mutane suka gama lissafinsu, suka duba taswirar duniya suna neman inda ɗan kuɗi kaɗan zai ceci rai, lissafin ƙofar gidanmu ya kawo su. Ya kawo su ga gidan sauro mai magani, wanda kuɗin sayensa a sari bai wuce wajen dala 2 ba. Ya kawo su ga maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, ƙungiyar Malaria Consortium ta fara raba shi a jihar Katsina a 2013, daga baya ya bazu zuwa jihohin Arewa da dama. Ma'aikata na bi gida-gida sau ɗaya a wata a tsawon damina, su narka ƙwayar farko a cokali su ba yaro a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu. A gwaje-gwajen da aka yi, ya rage kamuwa da zazzaɓin da kusan kashi uku cikin huɗu. Lissafin ya kuma kawo su ga ƙungiyar New Incentives, wadda ta lura cewa uwaye da yawa ba ƙin allurar rigakafi suke ba, kuɗin mota da asarar yinin sana'a ke hana su. Sai ta riƙa ba uwa ɗan kuɗi, Naira 500 a lokacin, duk ranar da ta kawo jariri allura. Aka gwada tsarin a Katsina da Zamfara da Jigawa tsakanin 2017 da 2020, aka kwatanta da wuraren da ba a yi ba, aka ga yaran da ke samun allura sun ƙaru ƙwarai.

Mutumin Landan sai ya yi fama da zuciyarsa kafin ya damu da yaron da bai taɓa gani ba, a ƙasar da bai taɓa zuwa ba. Mu an ɗauke mana wannan wahala. Yaron da lissafinsu ya nuna, ɗan maƙwabcinmu ne. Ba ma buƙatar canjin dala, ba ma buƙatar ofis da mota da tafinta. Mun san gidan, mun san sunan uwar, mun san ko maganin ya isa ko bai isa ba. Abin kunya ne a ce baƙo ya ƙirga yaranmu ya san farashin ceton su, mu da muke gaisawa da iyayensu kullum ba mu sani ba.

Kada kuma wani ya ce muku lissafi a cikin sadaka baƙon abu ne da aka shigo mana da shi. Ƙofa ta uku, wato addini, ta riga su da ƙarni da yawa, kuma cike take da ƙidaya. Zakka tana da nisabi, tana da lokaci, tana da ma'auni: ɗaya bisa arba'in na dukiyar da ta shekara. Manomin damina yana fitar da ɗaya bisa goma, mai noman rani a Geriyo da ke sayen mai yana jawo ruwa da inji yana fitar da ɗaya bisa ashirin, saboda an duba wahalarsa. An kuma fayyace rukunin mutane takwas da za a ba, a cikin Suratut Tauba. Malaman mazhabar Malikiyya sun ce a raba ta a inda dukiyar take, sai in akwai waɗanda suka fi buƙata a wani wuri, wato ma'aunin dai buƙata ce. 'Yan'uwanmu Kirista su ma suna da zakkar ɗaya bisa goma da baiko. Sayyidina Usman ɗan Affan da ya tashi yin alheri a Madina, ya dubi abin da garin ya fi ƙishirwarsa, ya sayi rijiyar Ruma ya mai da ita wakafi ga kowa. Kano ta kafa hukumar zakka da hubusi a 2003, Sakkwato da Zamfara ma suna da nasu, duk don a tattara a kai inda ya dace. Ware kaso tun kafin a ga mabuƙaci gadonmu ne.

Abin da muka yi sakaci da shi shi ne bin sawu. Muna cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma gaskiya ne ta fuskar lada, domin Allah yana duba niyya. Amma uwar da ɗanta ke jijjiga ba ladanka take nema ba, magani take nema. Ta wannan fuskar alheri yakan faɗi ƙasa, ya ma fashe. Ku zaga unguwanni ku ƙirga rijiyoyin burtsatse masu allo ɗauke da sunan wanda ya gina, waɗanda suka yi shekara ba su ɗiga ruwa ba saboda wani ƙaramin ƙarfe ya lalace, kuma ba a bar wa kowa alhakin gyara ba. Mai kuɗin ya yi da zuciya ɗaya, ya yanka ƙyalle, ya tafi. Irin wannan ta faru a babban mataki. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu attajirai suka zuba miliyoyin daloli a wani famfo mai suna PlayPump a kudancin Afirka, wanda aka ƙera kamar lilon yara, in sun juya shi suna wasa ruwa ya hau tanki. Kowa ya ji labarin sai ya so shi. Daga baya aka tarar yara sun gaji, tsofaffin mata ne ke tura shi da ƙyar, ya fi famfon hannu tsada ninki-ninki, in ya lalace kuma babu mai gyara a kusa. Mafi muni shi ne rabon da ake tara jama'a a fili ba tsari. A watan Disamba na 2024 an yi turmutsutsu a wuraren rabon kayan abinci da kyaututtuka a Ibadan da Abuja da Okija, mutane da dama suka mutu, yara da yawa a cikinsu. Masu rabon alheri suka nufa.

Ga kuma abin da bin sawu ke haifarwa. Ku tambayi kakanninku game da kurkunu, tsutsar da ke fitowa daga ƙafar mutum ta kwantar da shi watanni, galibi a daidai lokacin noma. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu ita sama da 650,000 a Najeriya. Cutar ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Abin da aka yi shi ne raba ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwon shiga tafki, da sa wani a kowane ƙauye ya riƙa rubuta duk wanda ya kamu. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta tsaya a kan aikin, Janar Yakubu Gowon ya yi ta yawo ƙauyuka yana jan hankalin hukumomi. A 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita. Yawancinku ba ku taɓa ganin kurkunu ba, kuma dalilin ke nan.

Ƙofa ta huɗu ita ce wadda ta fi kusa da ku: aboki. In ka bincika yadda mutane suka fara taimako na dindindin, sau da yawa za ka tarar wani ne da suke ganin girmansa ya ce musu, zo mu yi. A nan akwai abin lura, domin an hore mu da ɓoye sadaka saboda gudun riya. Ni a ganina abin da ya wajaba a ɓoye shi ne fuskar wanda aka ba. Wannan ɗabi'a ta ɗora wa marainiya buhun shinkafa a ka, a ɗauke ta hoto a watsa a Facebook, cin mutunci ce ko da an kira ta wayar da kai. Amma hanyar da ka bi, da abin da ka gano yana aiki, wannan ka faɗa wa abokanka, ka ja su. Gayyata daban, tallar kai daban, kuma zuciyarka ta san wadda kake yi.

Zan ƙara gargaɗi ɗaya, don kada ku ɗauka duk abin da ya fito daga masu lissafin nan tsarkakakke ne. Ɗaya daga cikin fitattun masu goyon bayansu, Sam Bankman-Fried, ya yi ta shelar cewa yana tara dukiya ne don ya bayar. A watan Nuwamba na 2022 kamfaninsa na kuɗin intanet, FTX, ya rushe da dukiyar mutane, a 2024 kotu ta yanke masa shekara 25 a gidan yari. Duk lissafin da ya kai ka ga cin amanar wani don ka taimaki wani, ka san ka ɓata hanya. Haka kuma lissafi ba ya sauke haƙƙin mahaifiya da ƙanwa da maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba ku. Wannan bashi ne a wuyanka, ana fara biyansa kafin a zo maganar zaɓen inda kyauta ta fi amfani.

Na san abin da wasunku za su ce: mu da ba mu da aiki, me za mu bayar? Wasu kuma za su ce ai aikin gwamnati ne. Maganar gwamnati gaskiya ce, kuma kada ku daina faɗa. Tun da Kamaru ta kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982 ake maganar gina ta Dasin Hausa a nan Adamawa don ta tare ruwan da ake sakowa, har yau ba a gama ba, mun kuma ga abin da ambaliyar 2012 da ta 2022 suka yi wa gonaki da gidajen bakin kogi. Wannan ba aikin adashin samari ba ne, na masu riƙe da kasafin kuɗi ne, ku tambaye su da ƙuri'arku da bakinku. Sai dai zazzaɓin daren yau ba zai jira kasafin baɗi ba.

Maganar rashin kuɗi kuwa, ku fara da kaso, kada ku jira adadi. Mai gyaran waya, mai ɗinki, mai tuƙa keke, ɗalibar da ake aiko wa kuɗin kashewa, kowa ya yanke wa kansa: daga kowace Naira 1,000 da ta shigo, 20 ko 50 ba tawa ba ce. A cire ta tun a ranar, kafin ta bi kuɗin data. Wanda bai saba cire 20 daga 1,000 ba, ranar da miliyan ta zo hannunsa zai ga abin ya yi masa yawa. In kun kai ku goma ko sha biyar a majalisa ɗaya, ku haɗa. Ku naɗa ma'aji, ku naɗa wani dabam mai riƙe littafi, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa duk wata. Yawancin ƙungiyoyin unguwa da suka watse, a kan kuɗin da ba a rubuta ba suka watse.

Kafin ku kashe ko sisi, ku je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ku zauna da ma'aikaciyar da ke duba yara, ku tambaye ta abin da ke hana uwaye zuwa da wuri da abin da ke yawan ƙarewa. Amsarta za ta fi duk abin da kuka zata. Wataƙila kuɗin gwaji da cikakken maganin zazzaɓi ne ga wadda ta zo hannu wofi. Wataƙila kuɗin keke ne ga mai jego ranar allura, ko ledar gishiri da sukari da ƙwayar zinc a ajiye a unguwa kafin ruwa ya gurɓata. Wataƙila gyaran burtsatsen da ya mutu ne, wanda bai kai kaso kaɗan na kuɗin haƙa sabo ba, ko da yake babu inda za a rubuta sunanku. In kuma wata ƙungiya ce ko wani mai neman taimako a WhatsApp ya zo muku, ku tambaya mutum nawa aikin ya kai gare su, nawa aka kashe, wa ya gani da idonsa, me ya faru bayan wata shida. Mai gaskiya ba ya jin haushin irin wannan tambaya. In roƙon na mara lafiya ne, ɗayanku ya taka ya je gadon asibitin, a biya kuɗin a wurin biya a karɓi rasit.

Akwai kuma abin da ke jikin kusan kowane lafiyayye a cikinku, wanda attajiri ba ya iya ƙerawa: jini. Yaron da zazzaɓi ya shanye, da matar da ke zubar da jini bayan haihuwa, sau da yawa abin da ke tsakaninsu da mutuwa leda ɗaya ce, kuma a asibitocinmu dangi ake cewa su nemo mai bayarwa. Namiji lafiyayye yana iya bayarwa bayan kowane wata uku, mace bayan wata huɗu, in ma'aikatan lafiya sun gwada sun ce ba matsala. Ku je a duba rukunin jininku tun kuna lafiya. Ku rubuta sunaye da rukuni da lambar waya a littafin majalisarku, ku ba mai unguwa da limami da fasto kwafi, don in an buga waya ƙarfe biyun dare a san wanda za a tasa.

Ku kuma kula da lokaci. Gidan sauron da aka rataya a watan Yuni ya fi goma da aka raba a Oktoba. Tun kafin ruwa ya zauna ku bi gidajen layinku, ku ga inda ake da jarirai da masu juna biyu, ku tambaya ko gidan sauron yana rataye ko yana cikin leda a ƙarƙashin gado, ko kuwa an kewaye lambu da shi. In babu ƙusa da igiya ku kawo, ku ɗaura da hannunku. Ranar da masu rabon maganin damina za su shigo unguwa, ɗayanku ya raka su, domin akwai gidan da ba zai buɗe wa baƙo ba amma zai buɗe wa ɗan unguwa. Bayan kwana biyu ku koma ku tambayi uwar ko ta ba da sauran ƙwayoyin.